YAƘIN TAKARDA A TURAI, JANA'IZA A ƘASARMU

Daga Ɗan Kogi, Yelwa

Ran nan da la'asar ina zaune a bencin wani mai shayi kusa da kasuwar Yelwa, sai ga waɗansu samari huɗu sun zo sun zauna, kowa da wayarsa a hannu. Kafin ruwa ya tafasa gardama ta sarƙe. Ɗaya ya ce in dai aka kara tsakanin Rasha da ƙungiyar NATO, to, kwana bakwai ya ishi Rasha ta share Turai kaf. Na biyu ya ce ƙarya ya ke yi, jiragen Amurka za su babbake tankokin tun ba su ƙetare iyaka ba. Na uku, wanda na ga alama ya yi nisa a boko, ya ce su daina wahal da kansu, shi ya karanta littafi, Turawa sun riga sun buga yaƙin nan tun daga farko har ƙarshe, an ma san wanda ya ci. Har aka kira sallar magariba ba su rabu ba.

Ni dai ban tanka ba. Amma na san yaran, na san iyayensu. Biyu daga cikinsu ba zaman ganin dama su ke yi a Yelwa ba, 'yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyensu, bara ko kwano ɗaya ba su girbe ba. Ga mutum an kore shi daga gonar ubansa, amma yana tada jijiyar wuya a kan wanda zai ci birnin Balin! Wannan shi ya hana ni barci, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Littattafan nan da yaron ya ke faɗi na karanta su, kuma ina so in gaya wa masu karatu abin da ke cikinsu, da abin da aka ƙi sa wa a ciki, domin a nan ne maganar ta shafe mu.

ASALIN ABIN

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai waɗanda suka taru suka ka da Hitila suka juya suna harar juna. Ran 4 ga Afrilu 1949 Amurka da Ingila da Faransa da waɗansu ƙasashe tara suka ƙulla ƙawancen soja da a ke kira NATO. Da aka shigar da Jamus ta Yamma cikinta a 1955, sai Tarayyar Sobiyet ta tara ƙasashe bakwai da ke bayanta a birnin Warsaw ran 14 ga Mayu na wannan shekara, su ma suka ƙulla nasu. Aka ja layi ya tsaga Jamus biyu, aka jibge soja da tankoki da igwa a kowane gefe, a 1961 kuma aka gina katangar Balin. Shekara talatin da 'yan kai runduna biyu suna kallon juna, kowa yatsansa a kan kunamar bindiga, amma ba a harba ba.

To, da ya ke ba a yi yaƙin a fili ba, sai marubuta suka yi ta yinsa a takarda. Babbansu shi ne Janar Sir John Hackett, wanda ya yi yaƙin Hitila har aka ji masa ciwo a Arnhem a 1944, daga baya ya shugabanci sojan Ingila da ke zaune a Jamus. A 1978 shi da waɗansu manyan hafsoshi suka fid da littafi mai suna The Third World War, watau Yaƙin Duniya na Uku. Suka rubuta shi kamar tarihi, wai abin ya riga ya faru: ran 4 ga Agusta 1985 tankokin Sobiyet suka kwararo Jamus ta Yamma, aka tare su da ƙyar, da suka ga abin ya faskara sai suka jefa wa birnin Birmingham bam ɗin ƙare dangi, Amurka da Ingila suka rama a kan birnin Minsk, daga nan daular Sobiyet ta wargaje. Duka-duka ba a cika mako uku ba an tashi.

A 1986 Tom Clancy da Larry Bond na Amurka suka buga Red Storm Rising. A cikinsa an ƙone wa Sobiyet babbar matatar mai, sai shugabanninta suka shirya su ƙwace rijiyoyin man ƙasashen Larabawa, amma suka ga sai sun karya NATO tukuna. Aka gwabza a Jamus, aka gwabza a teku, har aka ci tsibirin Ayislan, ba a taɓa makamin ƙare dangi ba, a ƙarshe hafsoshi suka kifar da masu mulkin Masko aka yi sulhu. A 1987 Harold Coyle ya rubuta Team Yankee, labarin 'yar ƙaramar rundunar tankokin Amurka cikin yaƙin nan da Hackett ya ƙaga. A 1989 Ralph Peters ya juya abin, ya ba da labarin ta bakin sojan Sobiyet a littafinsa Red Army, su ne ma suka ci a cikin 'yan kwanaki. A shekarar ce katangar Balin ta faɗi, a 1991 kuma ƙawancen Warsaw da Tarayyar Sobiyet kanta suka rushe, shekarar da aka yanko mana Jihar Kebbi daga Sakkwato.

WA A KE YI WA KIƊAN?

Wani zai ce, haba Malam, ai tatsuniya ce, mene ne na tada hankali? To, ruwa ba ya tsami banza. Hackett bai ɓoye nufinsa ba: so ya ke ƙasashen Yamma su tsorata su ƙara kuɗin soja. Ya nuna an tsira da ƙyar ne domin a cikin labarin an ji gargaɗi an sayi makamai kafin ranar, watau mai karatu ya gane abin da zai faru in ba a saya ba. Wannan dabara kuwa tsohuwa ce. A 1871, bayan Jamus ta lallasa Faransa, wani hafsan Ingila George Chesney ya rubuta The Battle of Dorking, ya nuna abokan gaba sun ci Ingila saboda sakaci. A 1906 jaridar Daily Mail ta yi ta buga labarin William Le Queux na yadda Jamus za ta mamaye Ingila a 1910, har aka karkata hanyar maharan cikin labarin domin ta ratsa garuruwan da a ke son jaridar ta yi kasuwa. Tsoro haja ne, yana da dillalai. Mai buga littafi ya sayar, mai ƙera tanka ya sayar, janar ya sami ƙarin kasafi, talakan da zai kwanta a rami shi kaɗai ne ba a tambaye shi ba.

Kada a ce na yi musu rashin adalci. Akwai abin koyo a cikinsu. Suna nuna cewa yaƙi ba kurari ba ne, mai ne da abinci da harsashi da hanyar da za a kai su, rundunar da motocinta suka tsaya ta mutu ko da jarumai ne a ciki. Ina ma a ce masu riƙe da kuɗin tsaronmu sun karanta wannan babi sun haddace. Amma bayan wannan, akwai abu uku da littattafan su ke cusa wa yaro a ka, kuma dukansu ƙarya ne.

Na farko, wai yaƙi gajere ne, mako biyu ko uku a tashi a san gwani. Ran 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta auka wa Yukren. Masana da yawa suka ce kwana kaɗan ne Kiyef za ta faɗi. Ga irin yaƙin tankoki da igwa da aka daɗe ana zanawa ya zo Turai a fili, sai ga shi an haura shekara uku ana kwance cikin ramuka, jirage marasa matuƙi suna farautar mutum ɗaya-ɗaya, birane kamar Mariupol da Bakhmut sun koma kufai. Haka aka ce wa sojan Turai a 1914 za su koma gida kafin ƙarshen shekara, suka yi shekara huɗu. Yaƙi ɗan zamba ne, mai buɗe ƙofarsa ba shi ke da makullin rufewa ba.

Na biyu, wai manyan dauloli za su iya kokawa su ajiye makamin ƙare dangi a gefe, ko su jefa ɗaya-ɗaya su tsaya kamar 'yan dambe da alƙali ya raba. Wajen 1970 Amurka kaɗai tana da irin wannan makami kimanin 7,000 a jibge a Turai. A 2005 gwamnatin Poland ta buɗe takardun sirri na wani shirin yaƙi na ƙawancen Warsaw na 1979, wanda ya yi lissafin isa kogin Rhine cikin kwana bakwai, sai ga shi cike da ruwan bama-baman ƙare dangi a kan birane. Ashe hafsoshin na gaskiya ba su taɓa yarda da tatsuniyar ba, masu karatu kawai aka bari da ita.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai, wai yaƙin na Turai ne, mu 'yan kallo ne.

INDA AKA YI SHI DA GASKE

Ku duba, 'yan'uwa. Cikin shekarun nan da ba a gwabza yaƙi tsakanin rundunonin biyu a Jamus ba, ina aka yi ta binne mutane? A Kwango aka kashe Firayim Minista Patrice Lumumba ran 17 ga Janairu 1961, ƙasar ta faɗa rikicin da har sojanmu na Nijeriya sai da aka tura can ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Fotugal, wadda da ita aka kafa NATO, ta yi yaƙi da masu neman 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau daga 1961 har 1974. Faransa ta yi nata a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. A 1977 Somaliya ta shiga yankin Ogaden na Habasha da makaman da Sobiyet ta ba ta, sai Sobiyet ta juya mata baya rana tsaka ta koma tana ɗaure wa Habasha gindi. Wanda ke neman ubangida a waje, ya riƙe wannan labari da kyau.

A 1987, shekarar da matasan Amurka ke karanta Team Yankee a kan kujera suna jin daɗi, a shekarar aka fara gumurzun Cuito Cuanavale a Angola. Tankokin Sobiyet da sojan Kyuba suna gefe ɗaya tare da gwamnati, sojan wariyar launin fata na Afirka ta Kudu da 'yan tawayen UNITA da Amurka ke ba makamai suna ɗaya gefen. Karon tankokin da aka yi shekaru ana jira a kwarin Fulda na Jamus, a dajin Afirka aka yi shi, kuma Angola ba ta ga zaman lafiya ba sai 2002. Mu ma nan gida, a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Ingila ta sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Sobiyet ta kawo jiragen MiG, Faransa ta taimaki Biyafara ta bayan gida. Abokan gaba a Turai, abokan ciniki a kasuwarmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kai, har makamin ƙare dangin ma, a ina Faransa ta fara gwada nata? Ba a kusa da Faris ba. A Reggane cikin Sahara ta fasa shi ran 13 ga Fabrairu 1960, saharar da iskar hunturu ke kwaso ƙurarta ta zuba mana a tukunya. Da ta maimaita har sau uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. Gaskiya ɗaya ce, wannan mataki ya yi daidai, kuma ya kamata masu mulkin yau su tuna an taɓa yin haka a ƙasar nan.

MU MUN SAN TASWIRA

Abin da ya fi ƙawata littattafan nan shi ne taswira. Za ka ga an ja kibiya mai kauri daga gabas zuwa yamma, an rubuta sunan runduna a kanta. Yaro ya duba ya ji daɗi, kamar dara. Ba ya tuna cewa a ƙarƙashin kibiyar nan akwai ƙauyuka, akwai mata masu ciki, akwai tsoho da ba ya iya gudu.

Mu mutanen ƙasar Yawuri bai kamata a ruɗe mu da taswira ba, don mun san abin da layi a takarda ya ke yi wa mutum. Daga 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar Kainji da rancen Bankin Duniya da na ƙasashen Yamma, kamfanin Italiya ya yi aikin. Injiniyoyi suka ja layi suka ce ruwa zai kai nan. Mutum fiye da 40,000 aka tashe. Tsohuwar Busa ta nutse, gungayen da Gungawa suka gada kaka da kakanni suka nutse da gonakin albasa da kusheyin iyaye. A takarda shuɗin fenti ne kawai aka shafa. Ku tambayi tsofaffinmu abin da ke ƙarƙashin fentin. Wannan fa aikin raya ƙasa ne, an yi shi da niyyar alheri, an ba da wa'adi, an gina wa mutane matsuguni. To, ina ga kibiyar janar, wadda ba ta ba da wa'adi?

Kuma ba yau yaƙin Turai ya fara isowa bakin kogin nan ba. A 1914 da Ingila da Jamus suka kara, sojan Nijeriya aka kwasa zuwa Kamaru, daga baya zuwa Afirka ta Gabas. Ana cikin haka a 1915 Turawa suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri, mutanen Busa suka yi bore bisa jagorancin Sabukki, aka zub da jini tsakanin maƙwabta a kan shawarar da baƙo ya yanke. A yaƙin Hitila aka ɗebi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su dazuzzukan Bama su yi yaƙi da Japan, ƙasar da ba ta taɓa cin musu ko kaza ba. Da Japan ta ƙwace kuzar Malaya, daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kama talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ramukan kuza na Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Ba su ga Turai ba, amma yaƙin Turai ya gan su.

Na zamaninmu fa? Da aka fara yaƙin Yukren a 2022, alkama ta yi tsada a duniya, burodi ya ƙanƙance a teburin mai shayin nan da yaran ke gardama. Sinadarin fotash da a ke haɗa takin zamani da shi, wanda Nijeriya ta sa rai daga Rasha, bai iso ba, sai da aka nemo na gaggawa daga Kanada. Manomin shinkafa a fadamun Shanga da mai albasa a bakin tafki ba su san inda Yukren ta ke ba, amma sun ji ta a farashin buhu. Ɗalibanmu da ke karatu can suka tsere da ƙafa zuwa iyakar Poland da Romaniya cikin ƙanƙara. Wannan shi ne ɗan kallo?

BINDIGAR DA KE DAJINMU

Yanzu ga tambayar da na so in yi wa yaran nan biyu. Bindigar da aka kore ku da ita daga ƙauyenku, wa ya ƙera ta, kuma don wane yaƙi? Kalashnikov ce, wadda aka tsara a Tarayyar Sobiyet a 1947. Masana'antun ƙasashen Warsaw da na Sin suka yi ta ƙera ta miliyoyi, ana tanadin babban yaƙin da bai zo ba. Da ƙawancen ya rushe a 1991, rumbunan makamai suka zama kaya a kasuwa, dillalai irin su Viktor Bout suka yi ta jigilarsu zuwa inda a ke yaƙi a Afirka. A 2011 kuma jiragen NATO suka yi wata bakwai suna ruwan wuta a Libiya har aka kashe Gaddafi ran 20 ga Oktoba. Rumbunansa suka fashe, makamai suka bazu cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya kama da wuta, daga nan wutar ta yi ta ci tana gangarowa kudu. Ɓangare ɗaya ya ƙera, ɗaya ya fasa rumbu, mu muka kwashi gawa.

Ban ce su kaɗai ke da laifi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangonmu mu muka bari ya tsage: iyaka a buɗe, daji babu hukuma, alƙali ba ya raba manomi da makiyayi da gaskiya, yara suna tashi babu karatu babu sana'a. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kwashi ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan mata sai a 2023 suka ga iyayensu. Makonni uku kafin wannan, ran 26 ga Mayu, jirgin ruwa ya kife kusa da Wara a ƙasar Ngaski, mutane masu yawan gaske suka halaka. Wannan shi ne fagen famarmu. Babu janar ɗin da ya zana masa taswira mai launi, babu kamfanin da ya buga shi da bango mai ƙyalli.

GUDUN GARA, FAƊA WA ZAGO

Na san akwai masu cewa, to, tun da Turawan Yamma ne suka mallake mu, gara mu koma bayan Rasha. A watan Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga samari a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, har aka kama telolin da suka ɗinka, aka gurfanar da ƙananan yara gaban kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa, sai da duniya ta yi ca sa'an nan aka sake su. Wannan abin kunya ne ga mahukunta. Yaron da ya ɗaga tutar da bai san tarihinta ba, cikinsa ne ke magana, kuma maganin yunwa abinci ne, ba kurkuku ba. Amma ku ma samari, ku ji. Ku tambayi mutanen Hangari abin da tankokin Masko suka yi musu a 1956, ku tambayi na Chekoslobakiya na 1968, ku tambayi Afganistan daga 1979 zuwa 1989. Babu daular da ke ɗora wa ɗanta bindiga ta turo shi ƙasarka don tana ƙaunar tsohuwarka. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ishe mu misali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojan Faransa suka fita a Disamba, masu horad da soja na Rasha suka sauka Yamai a Afrilu 2024, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a cikin shekarar. A tsakanin nan aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ta ke ba Nijar har zuwa Maris 2024. Wa ya sha wuya? Ɗan kasuwar Kamba da na Gaya, waɗanda uwa ɗaya uba ɗaya su ke, da mai jinya a asibitin da wuta ta ɗauke. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA MU KE NEMA

Saboda haka ga abin da na ke kira a kai, kuma ina roƙon kowane mai karatu ya tari wakilinsa da shi in ya zo neman ƙuri'a.

Na ɗaya, kada a ba kowace daula, ta gabas ko ta yamma, ko taku ɗaya na ƙasar Nijeriya ta kafa sansanin soja. A 1960 an ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, 'yan hamayya da ɗaliban Ibadan suka tashi tsaye har zuwa majalisa a Ikko, a Janairu 1962 aka soke ta. A Mayu 2024 da waɗansu dattawan Arewa suka rubuta wa shugaban ƙasa gargaɗi a kan sansanonin Amurka da Faransa, gwamnati ta ce babu wannan magana. To, mun ji, kuma mun rubuta mun ajiye.

Na biyu, duk wata yarjejeniyar tsaro da za a ƙulla da baƙo, a kai ta gaban majalisa a karanta a fili, a fassara ta da Hausa da sauran harsuna a rediyo. Abin da za a biya da jinin 'ya'yan talakawa, bai kamata a sa masa hannu a ɗaki a rufe ba.

Na uku, a faɗa mana inda kuɗin tsaro ya ke shiga. Mu ba tankokin kwarin Fulda mu ke bukata ba. Muna bukatar sojan da aka biya shi haƙƙinsa kan kari, da motar da ke da mai, da jiragen sintiri a kan tafki, da rigunan ceto a kowace tashar jirgin ruwa daga Yelwa har Wara, da makaranta mai katanga da masu gadi, domin manomin Ngaski da na Shanga ya kwana a gonarsa.

Na huɗu, kira ne ga marubutanmu da malaman makaranta. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta labarin sojanmu na Bama cikin Turanci a 2007. Mu da Hausa fa? Tsofaffin da suka je Bama sun kusa ƙarewa da labarinsu a baki. Waɗanda suka ga ruwa ya ci gungayensu a 1968 suna nan da sauransu, amma kullum raguwa su ke yi. Ku ɗauki wayar nan da ku ke kallon yaƙin wasu da ita, ku je ku zauna gabansu ku naɗi maganarsu. Ku rubuta labarin uwar da ta yi wata ashirin da wani abu tana jiran 'yarta. In ba mu rubuta namu ba, 'ya'yanmu za su tashi sun san sunan kowane kogi a Jamus, ba su san abin da ya faru a bakin nasu ba.

Ban ce a daina karanta littattafan Turawa ba. A karanta, ilmi ba ya yawa. Amma in ka kai shafin taswira, ka ɗora yatsa a kan kibiyar ka tambayi kanka: su wa ke ƙarƙashinta, wa ya biya kuɗin tawada, kuma in an tashi daga wasan, ina za a kai ragowar bindigogin? Amsar ta uku mun riga mun san ta, tana nan cikin dajin da ke bayan gari.

Jiya na sake wucewa ta wurin mai shayin, na tarad da yaran, na ba mai bokon littafin Hackett aro. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: in ya gama, ya zauna da abokansa biyu ya rubuta mini yadda aka tashi ƙauyensu, da ranar, da abin da suka baro, shafi goma ko da da fensir ne. Ya ce zai yi. In ya kawo, zan roƙi Edita ya ba shi fili a wannan shafi.

Allah Ya zaunad da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya tsare mu da zama itacen hura wutar wasu. Amin.